Lamis da Bakaniken Ɗakin Bincike

Idanunsa ta fara gani, don a wannan ɗakin ba a ganin komai na mutum sai idanu. Duk mai shiga sai ya sa farar riga mai haɗe da wando da hula, ya rufe baki da hanci, ya sa safar hannu, saboda ƙwayar ƙura ɗaya tana iya ɓata aikin mako guda.

Ranar wata Litinin ce ta watan Satumba. Lamis Baidun tana tsaye riƙe da ɗan gilashi mai faɗin tafin hannu, tana kallon aikinta yana lalacewa. Shekararta ta biyu ke nan tana digiri na uku a jami'ar da ke Toledo, a Amurka. Aikinta shi ne ta yi wa gilashi wani siririn shafe na ma'adini, wanda silin gashi ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, domin ya riƙa mayar da hasken rana lantarki. Shafen yana fitowa daga na'ura sumul, amma kafin ya gama hucewa sai ya soma tashi daga gefe kamar ɓawon albasa. Wannan ne na arba'in da ɗaya.

"Gilashinki bai wanku ba," wani ya ce daga bayanta.

Ta juya. Dogo ne, kuma ko da bakinsa a rufe ta gane murmushi yake yi. Ta gaya masa a taƙaice cewa sau uku ta wanke, daidai yadda aka rubuta a takardar da ke manne a bango. Ya ce wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa wanke ko faranti ba. Ya ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ta wanke ya ɗiga masa tataccen ruwa. Ruwan ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya.

"Kin gani? Da ya wanku, kwanciya ruwan zai yi ya malale. Babana ya shekara ashirin da shida a masana'antar gilashi. A gidanmu ko kofi ba ka isa ka ajiye haka ba."

Kunya ta kama ta, haushi ma ya kama ta. Ta tambaye shi ko shi wane ne. Ya ce sunansa Tarik Holloway, yana shekarar ƙarshe, kuma shi ke lallashin Tsohuwa. Haka ɗalibai ke kiran babbar na'urar da ke yin shafen, wata tukunyar ƙarfe da ake zuƙe iskar cikinta, wadda ta girmi yawancinsu.

Mako uku suna aiki kusa da juna ba wanda ya san fuskar wani, don yana riga ta shiga, tana riga shi fita. Ta san yana kanne ido ɗaya idan yana sauraren ƙarar famfon zuƙe iska. Ya san girarta tana haɗuwa idan lissafi ya ƙi fita. A hanyar gida sai ta kama kanta tana ƙoƙarin zana masa hanci da haɓa a zuci, ta yi tsaki ta ƙara muryar rediyo.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ta ji muryar a filin ajiye motoci. Wani baƙin saurayi mai ɗan gemu ya sunkuya cikin injin motar wani dattijo yana cewa batir ne kawai. Ta tsaya cak. Ya ɗago ya dube ta, ya sake dubanta.

"Don Allah ɗan rufe bakinki da hannu."

Ta rufe baki da hanci, dariya na cin ta.

"Ke ce," ya ce a hankali. "Mai gilashi mai datti."

"Ashe kai bakanike ne har a waje."

Daga ranar sunan ya bi shi. Shi kuma ya sa mata Farfesa, wai don tana yi wa na'ura magana kamar mai koyar da aji.

Wankin gilashi ya rage matsalar, bai kashe ta ba. Lamis ce da kanta ta gano sauran, cikin watan Fabrairu da ƙanƙara ta rufe gari. Ta lura gilashin da ma'adinin ba tare suke tsukewa ba idan suna hucewa. Sai ta sa wani shafen na daban a tsakaninsu, ta kuma riƙa sauke zafin mataki-mataki. Na farko ya fito bai tashi ba. Ta manna masa salatif ta fizge, ko gezau. Ta rubuta komai a littafin bincikenta, Tarik ya sa hannu a ƙasa da kwanan wata a matsayin shaida, kamar yadda dokar ɗakin ta tanada.

Da la'asar saƙonsa ya shigo:

"Farfesa, yau na ga idanunki suna dariya har na manta ban rufe bawul ba. Idan Tsohuwa ta yi fushi, laifinki ne."

Ta amsa: "Bakanike, je ka rufe bawul ɗinka. Gobe zan kawo maka burodin za'atar na gidanmu, mai ganyen ƙamshi da riɗi, ladan sa hannu."

"Burodi na karɓa. Amma akwai wata takardar da nake so mu sa wa hannu tare. Ki tambayar mini ranar da babanki yake da sarari."

Ta karanta, ta kife wayar a kan tebur, ta sake ɗauka ta karanta. Sai bayan magariba ta rubuta masa kalma ɗaya: "Lahadi."

Mahaifinta, Hajji Fauzi, yana da gidan burodi a yammacin gari, kuma shekara talatin da barin ƙauyensu na kudancin Lebanon bai daina maganarsa kamar jiya ya fito ba. Ya karɓi Tarik da fara'a, ya ba shi gahawa da kayan zaƙi, ya tambayi lafiyar iyayensa. Tarik yana ce masa Ammu, wato baffa da Larabci, yana zaune a gefen kujera hannu bisa gwiwa. Da ya tafi, Hajji ya kira 'yarsa kicin.

"Yaron kirki ne, ban ga aibinsa ba. Amma ban san kakansa ba, bai san nawa ba."

Ta ce kakan Tarik yana salla a Detroit tun kafin Baba ya san inda Amurka take. Ya ce ba wannan ba ne. Ya kawo maganar Wasim Tarraf, wanda ya riga ya gama digirinsa na uku yana aiki a rukunin binciken su Lamis, ɗan ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu, wanda mahaifiyarsa ƙawar Mama ce. Wasim yakan biyo gidan burodin duk Asabar ya sa Hajji dariya da Larabcin ƙauye.

"Baba, ka gaya mini gaskiya," ta ce. "Kakansa ne ko fatarsa?"

Hajji ya ɗauki hularsa ya fita.

Tarik ya ji komai daga bakinta washegari. Ya ce shi ba zai ɗauke ta daga gidan da ba a ba shi ita ba, kuma ba zai nemi wata ba. Zai jira. Ta tambaye shi har yaushe, ya ce wanda ya saba jiran Tsohuwa ta zuƙe iska awa shida ba a koya masa haƙuri.

A watan Mayu ya gama, ya sami aiki a wata cibiyar bincike a Colorado. Sun yi sallama a bakin kogin Maumee da rana tsaka, yara na wasa a bayansu, tazarar mutum ɗaya tsakaninsu a kan benci. Ya nuna mata a waya nisan wurin, ita ta ƙi kallo.

"Zan riƙa ganinka a ɗakin nan," ta ce. "Kowa ya sa farar riga sai na duba idonsa."

"Kada ki duba da yawa, akwai masu kyawun ido."

Ta yi dariya hawaye na zubowa.

Bazara ta wuce, ganye ya yi ja ya zube. Saƙonni ne suka riƙe su. Yakan turo mata hoton dutse da ƙanƙara a kansa ya rubuta: "Masoyiya, nan iska ba ta da nauyi, suna cewa tsayin wurin ne. Ni na san abin da babu a cikinta." Ita kuma takan rubuta: "Tsohuwa tana wani kuka tun da ka tafi. Sabon mai kula da ita ya ce lafiyarta ƙalau. Ni da ita mun san ba haka ba ne." Ranar da ba su yi magana ba, abinci ba ya yi mata ɗanɗano.

Cikin Nuwamba Wasim ya same ta a ofishin ɗalibai da kwamfutarsa a buɗe. Ya ce bai so a ce shi zai nuna mata ba, amma gara ta gani da wuri. Jerin maƙalun da za a gabatar ne a wani babban taro. Ɗaya daga cibiyar Colorado take: shafe na tsakiya, sauke zafi mataki-mataki, har lambobin irin nata ne sak. Sunaye biyar ne a kai. Na huɗu T. Holloway. Nata babu.

Fiye da shekara biyu na rayuwarta ke cikin waɗannan lambobin, kuma idan wasu suka riga ta bugawa, digirinta ya zama maimaicin aikin wasu. Amma ba wannan ne ya fi ƙona mata rai ba. Ta rubuta wa Tarik:

"Na ga sunanka a kan aikina. Kai ka sa hannu a littafina. Kada ka ƙara rubuto mini."

Amsa ta zo nan take: "Wallahi ban ba kowa ba. Yau ba ni da abin da zan nuna miki. Ki ba ni lokaci, Lamis."

Bai taɓa kiran ta da sunanta a saƙo ba sai ranar. Ta toshe lambarsa.

Sanyin wannan shekarar ya yi mata tsawo. Ta kai ƙara wurin malamar da ke duba aikinta, Farfesa Novak, wadda ta karɓi littafin binciken ta ce ta ci gaba da aiki, ta bar mata sauran. Lamis ta ci gaba. Tana shiga da safe, tana fita da yamma, ba ta ce wa kowa komai. Abin da ya fi damunta shi ne fushin ya ƙi cinye kewar. Famfo ya canja murya sai ta ga ta kanne ido ɗaya. Ta ga abin dariya a hanya sai hannunta ya kai ga waya kafin ta tuna. Ranar Juma'a takan ajiye mota nesa da inda ta fara ganin fuskarsa, ta zagayo ta bayan masallaci.

Da farko Hajji ya ji daɗi. Mahaifiyar Wasim ta soma zuwa da faranti a hannu, ana maganar baiko bayan an gama karatu. Lamis ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Amma Hajji mai burodi ne, yana lura da abin da ya rage a faranti. Wata safiya ya ajiye mata burodin cuku mai zafi, wanda tun tana yarinya take ƙwacewa daga bakin tanda. Da ya dawo ya tarar da shi ya sandare ba a taɓa ba. Ya tsaya yana kallonsa, Mama tana kallon Hajji.

A tsakiyar Maris Farfesa Novak ta kira ta ofis, ta rufe ƙofa, ta miƙa mata wasiƙa. Daga kwamitin binciken cibiyar Colorado take. An janye maƙalar. Wasim ne ya aika musu hanyar a cikin takardunsa na neman aiki, a matsayin tasa. Wani rukuni ya gwada ta, aka sa sunan Tarik don shi ya daidaita musu na'ura, bai san me za a yi da ita ba. A makon da Lamis ta ga jerin shi ma ya gani. Ya rubuta ƙara, ya cire sunansa, ya faɗi ranar da ya sa hannu a littafinta. Kwamitin ya hana shi yi wa kowa maganar har a gama.

"Akwai abin da ba a rubuta a nan ba," in ji Farfesa Novak. "Shugaban rukunin bai ji daɗin tonon ba. Bai sabunta wa Tarik aiki ba. Tun Janairu yaron nan yana gyaran famfuna a wani ƙaramin kamfani."

Lamis ta fita ta zauna a kan matakala. Ta buɗe lambarsa. Ta rubuta ta goge ya fi sau goma, daga ƙarshe ta aika:

"Bakanike, na zalunce ka. Ban san da wane ido zan dube ka ba."

Ko minti biyu ba a yi ba.

"Farfesa, kin ci abinci yau?"

Nan kukan ya ƙwace mata. Saƙo na biyu ya biyo:

"Na ji zafi, ba zan ɓoye miki ba. Amma da ni na ga abin da kika gani, ban san me zan yi ba. Kullum ina rubuta miki, ba ya zuwa. Wata huɗu na labari na tara, ki shirya kunnenki."

Da yamma ta sami mahaifinta a gidan burodi yana murza ƙullu. Ta ajiye wasiƙar a gefen tebur ta fassara masa layi-layi, ta ƙara da abin da malamarta ta faɗa. Hannun Hajji ya tsaya a cikin ƙullun. Ya tambaya ko da gaske yaron ya rasa aikinsa. Ta ce e. Ya tambaya ko ya san a lokacin ta riga ta rabu da shi, kuma shi Hajji ya riga ya hana. Ta ce ya sani.

Hajji ya zare hannu daga ƙullun.

"Wasim kuwa na san kakansa," ya ce. "Na san kakan kakansa."

Ya goge hannu a jikin tawul, ya ce ta rubuta masa lambar mahaifin Tarik. Wasim bai ƙara zuwa gidan burodin ba, kafin ƙarshen wata kuma ya bar jami'ar.

Ranar da Lamis ta kare digirinta, cikin Afrilu, tana tsakiyar bayani ta hango shi a kujerar ƙarshe. Ya rame, gemun ya ƙara cika. Kalmar da ke bakinta ta ɓace, sai da ta sha ruwa. Bayan an fito an kira ta Dakta Baidun, suka tsaya a baranda ba wanda ya san ta inda zai fara.

"Ka rame," ta ce.

"Ba a yin burodin za'atar a can. Ke ma kin rame, kuma ke ba ki da wannan hujjar."

"Ka yafe mini?"

"Tun kafin ki tambaya, masoyiya. Jirgi na biyo don in ji kin tambaya dai."

Mako biyu bayan nan mahaifin Tarik, Lukman Holloway, ya zo neman aure da 'yan'uwansa. Aka ajiye gahawa a gabansu, ba wanda ya taɓa, don ba a sha sai an ba da amsa. Lukman ya yi magana gajeriya. Hajji ya gyara zama ya ce kafin ya amsa akwai abin da zai sauke daga wuyansa.

"Bara 'yata ta yi mini wata tambaya, na ɗauki hula na fita. Na fita ne don amsar tana ba ni kunya. Na hana ɗanka don abin da Allah bai ce in duba ba. Ina neman gafararka, ɗan'uwana, da tasa."

Lukman ya dubi ɗansa, ya dubi Hajji. Ya ce ya sha jin irin wannan hanin a rayuwarsa, amma yau ne ya fara jin wanda ya dawo ya faɗi sunan abin da bakinsa. Sannan ya nuna kofin da ke gabansa.

"Hajji, gahawar nan fa tana hucewa."

Hajji ya yi dariya yana share ido. "Ku sha. Na ba ku."

Daga kicin Mama ta rangaɗa guɗa. Lamis, wadda ke laɓe bayan ƙofa, ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

An ɗaura aure a watan Yuni. Kafin nan maƙalar ta fito da sunan Lamis a farko, wani kamfanin sola da ke bayan gari ya ɗauke ta aiki, jami'a kuma ta dawo da Tarik ya shugabanci ɗakin na'urori. A wurin walima an jera shinkafa da naman rago kusa da makaroni da cuku na mahaifiyar ango, kuma kafin la'asar an ga Lukman a layin rawar dabke ta mutanen Lebanon, Hajji na riƙe da hannunsa yana ƙirga masa taku.

Da aka ba Hajji abin magana, ya zaro takardar da ya yi mako yana rubutawa da Turanci. Ya karanta layin farko, murya ta ƙi. Ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya kamo hannun 'yarsa ya sa a cikin na Tarik, ya dafa su da nasa biyu.

"Ɗana," ya ce, "ga ta nan. Na sa ku jira, ku yafe wa tsoho. Allah ya sa albarka a gare ku, ya sa albarka a kanku, ya haɗa ku cikin alheri."

Jama'a suka amsa da amin, Larabawa da baƙaƙe da ɗaliban da ba su san ma'anar kalmar ba. Lamis ta ɗaga kai ta dubi mijinta, shi kuma bai saki hannun ba har aka tashi. Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai albarka, ya kuma gajarta wa duk masu jira jiransu.